An fasa aurena saura mako uku: me ya sa wannan rashin ba shi da zaman makoki?

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na ce komai ba, amma yau ina da maganar da na rasa inda zan kai ta. Shekara huɗu muka yi muna neman aure da wani bawan Allah, da sanin iyayena da nasa, an kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana, an kawo lefe akwati shida, ƙawayena sun riga sun fitar da anko. Saura mako uku ɗaurin aure muka je gwajin jini, sakamako ya nuna ni AS ce, shi ma AS ne, wato kowannenmu yana ɗauke da gadon amosanin jini, ciwon da ake kira sikila, ko da yake mu ba mu da ciwon. Manya suka zauna, suka yanke cewa a haƙura, kuma ni da shi babu wanda ya iya musa musu, domin ƙanwar mahaifiyarsa ta binne 'ya'ya biyu saboda amosanin jini.

Yau wata biyar ke nan. Abin da ya kawo ni ba neman a ce mini na yi daidai ko na yi kuskure ba ne. Tambayata ita ce, me ya sa idan mutuwa aka yi maka za a zo a zauna da kai kwana uku ko bakwai, idan gobara ce a zo jaje, amma idan wanda ka gina rayuwarka a kansa ya fita daga hannunka, ana sa ran washegari ka tashi ka ɗora tukunya kamar babu abin da ya faru? Duk wanda ya gan ni sai ya ce Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri, na ce amin, shi ke nan an rufe maganar. Idan na yi kuka a ɗaki sai na wanke fuska kafin na fito, domin a gidanmu budurwa ba ta kukan saurayi a gaban iyayenta.

Ɗan Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanyaya miki. Ke kin ma yi sa'a da ake ce miki Allah ya sa shi ne mafi alheri, mu maza dariya ake yi mana. Ni yarinyar da na nema tun tana aji huɗu na sakandare, ni na biya mata kuɗin jarrabawa, ni na riƙe ta har ta gama kwalejin ilimi, kuma duk wannan da yardar mahaifinta. Wata biyu kafin ranar da muka tsayar, sai wani mai hali ya fito, aka aiko kawunta shagona ya ce mini in yi haƙuri, matar mutum kabarinsa. Na yi wata uku abinci ba ya wuce mini, na rame har maigidana a kasuwa ya kai ni gwajin taifot, wata gwaggona kuma ta dage cewa sammu aka yi mini. Ni kaɗai na san ciwona, amma da na kuskura na faɗa wa abokai a majalisa, shekara guda suna kirana da sunanta. Tun daga ranar na kama bakina.

Malamin Islamiyya:
Allah ya ba ku haƙuri ku duka biyun. Zan faɗi abu biyu, na farko zai yi muku daɗi, na biyu wataƙila ba zai yi ba.

Na farko, ɗan'uwa na Kantin Kwari, waɗanda suka yi maka dariya ba daga addini suka samo ta ba. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa lokacin da aka 'yanta Barira, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis, wanda yake bawa ne a lokacin. Mugis ya riƙa bin ta a hanyoyin Madina yana kuka, hawaye suna zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba, bai ce masa ya zubar da mutuncin maza ba. Ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugis yake yi wa Barira da irin ƙin da take yi masa, sa'an nan ya je da kansa ya roƙar masa ita. Da ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatarsa, kuma aka bar ta a kan zaɓinta. Haka kuma Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu, kuma wannan bai fitar da shi daga cikin masu kyakkyawan haƙuri ba.

Na biyu kuwa, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya cewa doguwar soyayya kafin aure tana cikin abin da ke zurfafa wannan rauni. Shekara huɗu, shekara bakwai, ana zance, ana waya har tsakar dare, zuciya ta riga ta yi aure alhali ba a shafa fatiha ba. Shari'a ta tanadi idda ga wadda aka ɗaura wa aure domin akwai igiya a kanta, ba ta tanadi komai ga baiko ba domin baiko alkawari ne kawai.

Bazawara Mai Ɗinki:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ka ba ni dama in saɓa maka a magana ta biyu. Ni wata biyu kacal na san mijina kafin a ɗaura mana aure, ban yi doguwar soyayyar da kake magana a kai ba, kuma bayan shekara tara da 'ya'ya uku, takardata a hannun almajirin gidanmu aka aiko mini da ita ina tsakar wanki. Gajeren nema bai kare ni daga komai ba. Ita kuma iddar da ka ambata, a yadda ake yin ta a garuruwanmu, ba lokacin jinya ba ce. Ranar da aka sake ni, ranar na kwashe kayana, na koma ɗakin mahaifiyata inda ƙannena mata biyu suke kwana, kuma tun ban yi mako biyu ba matan unguwa suka fara tambayar abin da na yi masa. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya yi mini. Kafin in gama idda ya riga ya sa wata a ɗakina, a kan gadon da mahaifina ya sayar da gona ya saya.

Don haka ƙanwata 'Yar Gwale, kada ki ɗauka mu da aka ɗaura wa aure an ba mu wurin kuka. Mu ma a banɗaki muke yin sa.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, na karɓi gyaranki, kuma abin da aka yi miki saɓa wa nassi ne ƙarara. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita, har sai idda ta cika, kuma ciyarwarta tana kan mijin a saki na kome. Suratul Baƙara, aya ta 229, ta ce ko dai riƙo da alheri ko rabuwa da kyautatawa, aya ta 241 kuma ta ambaci kyautar da ake ba wadda aka saka domin a rage mata zafin abin. Mu ne muka riƙe sakin muka watsar da kyautatawar. Amma ban janye maganata a kan doguwar soyayya ba, na dai yarda cewa ba ita kaɗai ce ƙofar da ciwon yake shigowa ba.

Mai Tawakkali:
Ni tambayata ga 'Yar Gwale ita ce, me ya sa kuka yarda aka raba ku tun farko? Iyayenmu da kakanninmu sun yi aure ba su san wani gwaji ba, kuma ga mu nan da ranmu. Na san ma'aurata da dukansu AS ne, 'ya'yansu huɗu, babu mai sikila ko ɗaya. Cuta da lafiya na Allah ne. A ganina kun bar takardar asibiti ta rinjayi tawakkali, kuma har yanzu ƙofa a buɗe take tunda shi bai yi aure ba, ke ma ba ki yi ba.

Nas ta Ɗakin Yara:
Ɗan'uwa Mai Tawakkali, ina roƙonka da girman Allah kada ka ƙara wa yarinyar nan nauyi a kan wanda take ɗauke da shi. Shekarata goma sha shida ina aiki a ɗakin yara, kuma abin da zan faɗa ba ra'ayi ba ne. Idan AS ya auri AS, kowane ciki da aka ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS, wato mai sikila, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA, wato wanda bai gaji ciwon ba. Lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai idan an haifi ɗaya mai ciwon sauran ukun sun tsira ba. Shi ya sa za ka ga gidan da ka ambata, 'ya'ya huɗu lafiya lau, kuma za ka ga gidan da uku cikin biyar suke kwance. Kakanninmu da kake magana sun binne yara da yawa suna cewa amosani ne ko ɗanwabi, ba su san sunan abin ba ne kawai. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu wannan ciwo a duk duniya, kuma saboda irin haka ne gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a shekarar 2024, wanda ya haɗa da nau'in jini da ciwon hanta da ƙanjamau.

Na ga auren soyayya da yawa sun mutu a bakin gadon asibiti, uba yana zargin uwa, uwa tana zargin uba, yaro yana ihun ciwon ƙashi da tsakar dare ana neman jinin da za a ƙara masa. Ban ce duk wanda ya zaɓi ya yi auren a haka ya yi laifi ba, akwai waɗanda suka sani suka shiga da idonsu a buɗe, kuma masu sikila mutane ne masu daraja da suke karatu da aiki da aure. Abin da na ƙi shi ne a ce wa wadda ta haƙura ba ta da tawakkali. Laifin da nake gani ɗaya ne, kuma na al'adarmu ne: ana barin gwajin sai an kawo lefe, alhali tun ranar da aka ce yaro ya turo manyansa ya kamata a yi shi.

Mai Tawakkali:
Na ji bayaninki, Anti, kuma ban yi nufin in ɗora mata laifi ba. Allah ya huci zuciyarki, 'Yar Gwale. Sai dai har yanzu ina ganin da an bar su su biyun sun yanke hukuncin da kansu, da ciwon bai kai haka ba.

'Yar Gwale:
Babu komai, Yaya. A gaskiya an tambaye mu, kuma mu muka amsa, shi ya fara cewa ba zai iya kallon ɗansa yana wahalar da ya ga 'ya'yan ƙanwar mahaifiyarsa sun sha ba. Wannan ne ma ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Da yaudarata ya yi, da na samu wanda zan ji haushi, kuma haushi yana taimaka wa mutum ya miƙe. Ni kuwa babu wanda ya cuce ni, don haka babu inda zan ajiye abin da nake ji.

Gwaggon Yara:
'Yata, matso kusa ki ji. Ni na girmi mahaifiyarki, jikata ce take rubuta mini wannan a wayarta ina faɗa mata. A zamaninmu ba gwajin jini ne yake raba mutane ba, bakin uba ne. Ina da shekara goma sha biyar akwai wanda nake so, ɗan maƙwabtanmu ne, mai koyon ɗinkin hula, kowa a unguwa ya san ni tasa ce, har toshin salla yana kawo mini. Rana ɗaya mahaifina ya dawo daga masallaci ya ce ya ba da ni ga ɗan amininsa, kuma a lokacin ba a mayar wa uba magana. Na yi yaji sau uku a shekarar farko, ana mayar da ni. Daga baya na zauna, na haifi tara, mijina ya riƙe ni da mutunci har Allah ya karɓi ransa, kuma ba zan ce ban so shi ba, domin zama yana haifar da nasa irin son.

Amma ki ji abin da ban taɓa faɗa wa ko 'ya'yana ba. Bayan shekara talatin da wani abu na je gaisuwar mutuwa a tsohuwar unguwarmu, ina fitowa daga soro sai na ji muryarsa yana amsa gaisuwa a cikin maza. Ban ga fuskarsa ba, muryar kawai na ji, amma sai da na dafa bango. Ina da jikoki a lokacin. Don haka duk wanda ya ce miki za ki manta, bai faɗa miki daidai ba. Abin yana raguwa ne har ya koma kamar tsohon tabon ƙuna, ba ya hana ki aiki, sai dai idan sanyi ya sauko ki tuna yana nan. Kuma ina tabbatar miki, matan da suke ce miki ki share hawaye, da za ki zauna da kowace ita kaɗai bayan sallar isha, da kin ji irin nawa a bakin fiye da rabinsu. Wataƙila har da mahaifiyarki. Ki gwada tambayarta wata rana idan babu kowa a ɗakin.

Baban Damagaram:
Gwaggo ta gama magana, Allah ya ƙara mata lafiya. Mu ma nan Damagaram haka abin yake, kunya ce take rufe bakin kowa. Amma ba ko'ina ake ɓoye rabuwa ba. A Muritaniya, idan aure ya mutu kuma mace ta gama idda, danginta da ƙawayenta sukan taru su yi mata lalle, a yi waƙa, a ci abinci, ta yadda kowa zai san ta fito kuma ba abin kunya ne ya same ta ba. Ban ce mu kwaikwayi kiɗan ba, Malam kada ya taso mini, amma akwai hikima a ce mutane sun taru a kanka ranar da ka karye. Mu kuwa muna da biki na shiga, kamu da sa lalle da kai amarya da buɗar kai, amma na fita babu ko sallama.

Ɗan Kantin Kwari:
Baba, maganarka ta tuna mini da auren zawarawa da Hisba take shiryawa a Kano tun 2012, wanda a 2023 aka ɗaura aure dubu ɗaya da ɗari takwas a lokaci guda. Aikin alheri ne, ban musa ba, amma yana nuna yadda muke tunani: maganin wanda ya rabu shi ne a yi maza a haɗa shi da wani. Ni ma haka aka yi mini, wata shida bayan abin da ya faru mahaifiyata ta nemo mini 'yar ƙawarta. Yarinyar kirki ce, amma shekarar farko ta aurenmu na zalunce ta, domin jikina ne kawai yake gidan. Sai da ta gaji ta tambaye ni ko akwai wadda ta riga ta, na faɗa mata gaskiya, daga nan ne muka fara zama na sosai. Da an bar ni na warke tukuna, da ban sa ta biyan bashin da ba ita ta ci ba.

Nas ta Ɗakin Yara:
Ina so in ƙara wani abu a kan ramar da ɗan'uwa ya ambata ɗazu, domin mutane suna ɗauka raki ne. Baƙin ciki mai tsanani yana taɓa jiki da gaske, yana hana barci, yana kashe sha'awar abinci, yana sa bugun zuciya da ciwon kai. Akwai ma wani ciwon zuciya da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, suna kiransa takotsubo, inda tsokar zuciya take raunana farat ɗaya bayan mummunan labari, mutum ya ji ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi kamar mai bugun zuciya. Ya fi kama mata masu shekaru, kuma yawanci ana warkewa cikin makonni idan an samu kulawa. Na kawo shi ne don a san cewa karayar zuciya ba salon magana ba ne kawai.

Ƙanwata, idan kika ga makonni suna wucewa ba kya barci, ba kya iya aikin da kika saba, ko tunanin cutar da kanki ya fara zo miki, kada ki tsaya jiran ya wuce. Ki faɗa wa wanda kika yarda da shi, a raka ki wurin likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

'Yar Gwale:
Na gode, Anti, barcin ya fara dawowa tun watan jiya, amma na riƙe maganarki. Gwaggo, jiya da daddare na yi abin da kika ce. Mahaifiyata ta yi shiru har na ɗauka ta yi fushi, sai ta ce in tashi in rufe ƙofa. Ba zan faɗi abin da ta gaya mini ba domin sirrinta ne, amma mun kai ƙarfe ɗaya muna magana, kuma wannan ne karo na farko da na yi kuka a gabanta ba ta ce in yi shiru ba.

Saura matsala ɗaya da nake neman fatawa a kanta, Malam. Akwatunan lefen suna nan a ɗakin mahaifiyata. Mahaifina ya aika a mayar sau biyu, iyayensa suna dawowa da su, suna cewa sun bar mini halak malak tunda ba ni na ƙi ɗansu ba. Mahaifina kuma ya ce ba zai ci kayan auren da ba a ɗaura ba. Ni kuwa duk lokacin da na shiga ɗakin sai na gan su.

Malamin Islamiyya:
Abin da ya shahara a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne, idan namiji ne ya janye ba ya karɓar kyautar da ya bayar, idan kuma ɓangaren mace ne suka janye yana da damar karɓa, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa wa haka. A naku babu wanda ya janye don ƙin wani, kuma masu kayan sun ce sun bar miki da bakinsu, saboda haka halal ɗinki ne, babu shubuha a ciki. Amma halaccin abu daban, iya zama da shi daban. Tunda mallakinki ne, kina da ikon ki sayar, ko ki bayar, ko ki roƙi baffanninki su je su zauna da iyayensa a raba, abin da yake na zinariya ya koma, sutura ta zauna. Ki fara shawartar mahaifinki cikin ladabi, domin shi ma mutuncinsa yake karewa, kuma ina zaton shi ma abin yana cin sa, bai dai faɗa ba.

Bazawara Mai Ɗinki:
Idan an daidaita a kan ki riƙe suturar, kada ki ɗinka ko ɗaya yanzu, domin duk ranar da kika sa za ki tuna. Akwai marayu da ake aurarwa babu ko turmi uku a akwatinsu, kina iya fitar da wasu ta hannun wata babba ba tare da an san daga inda suka fito ba, sauran kuma a kai gidan yayarki su zauna can har ki ji kin shirya. Shi kuma ankon da ƙawayenki suka saya, ki ce musu kowa ta ɗinka nata ta sa abinta, kada su ɓoye shi saboda ke. Idan akwai wadda ba ta kai wa tela ba tukuna, ki turo mini ita ta akwatin saƙo, ni zan ɗinka mata ba tare da ta biya kuɗin aiki ba.

'Yar Gwale:
Su bakwai ne, Anti, uku ba su ɗinka ba. Zan yi wa Baba maganar baffannina ranar Juma'a idan ya dawo daga masallaci, lokacin ya fi sakin fuska.